Shimfiɗar fuska daga Safo zuwa Tokiyo: abin da baƙo ya kamata ya sani game da ladubban mutanen Japon

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko yana da idanu. A ƙaramar hukumar Safo, cikin gundumar Madarumfa, kudu da birnin Maraɗi, yaro ba ya kai shekara bakwai bai san yadda ake tuɓe takalmi a ƙofar zauren mai gari ba, da yadda ake rusunawa a gaida dattijo. Amma wannan yaro, in ya girma ya zama malamin gona, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa, aka aike shi wata ƙasa mai nisa, sai ya tarar ladabin da ya tashi da shi yana buƙatar fassara, kamar yadda harshe yake buƙata. Cikin ƙasashen da ƴan Nijar ke zuwa neman ilimi ko ciniki, da wuya a sami wadda ta kai Japon kula da wannan fanni.

Hulɗar Nijar da Japon ta daɗe. A shekarar 1974 aka kafa kamfanin haƙar uraniyom na COMINAK a Akuta, kusa da Arlit, kuma wani kamfanin Japon mai suna OURD ya riƙe kashi 25 cikin 100 na jarinsa. An rufe wannan mahaƙa a watan Maris na 2021. A 1986 shugaba Seini Kunce ya kai ziyara Japon. Tun cikin shekarun 1980 samari da ƴan mata ƴan sa kai na hukumar JICA suka zauna a garuruwan Nijar, suka koyi Hausa da Zabarmanci, har zuwa lokacin da matsalar tsaro ta sa aka janye su. A 2004 aka fara shirin "Makaranta don kowa" a jihar Tawa da taimakon JICA, wanda ya ƙarfafa kwamitocin iyaye masu kula da makarantu, watau COGES, kafin tsarin ya game ƙasa har makarantun jihar Maraɗi. Farfesa Shuichi Oyama na jami'ar Kiyoto ya shafe shekaru a yankin Dogon Dutsi yana nazarin yadda manoma Hausawa ke raya feƙo da sharar gari. Haka kuma tun 1993 Japon ke kiran taron raya Afirka mai suna TICAD, wanda aka yi zamansa na tara a Yokohama cikin watan Agusta na 2025. Ta waɗannan ƙofofi ne ma'aikata da ɗalibai suka riƙa tafiya horo can, kuma duk wanda ya tafi, sunan garinsu da na ƙasarsa ya ɗauka tare da jakarsa.

Asalin lamarin

Japon tsibirai ce a gabashin Asiya. Faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijar ba, duwatsu da dazuzzuka sun cinye kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, mutanenta kuwa sun haura miliyan 120. Jama'a mai yawa a wuri ƙarami dole ta koyi yadda kowa zai takaita kansa don kada ya dami maƙwabci. Bugu da ƙari, noman shinkafa da suka gada yana tafiya ne da rabon ruwa tsakanin gonaki, kuma manoman Jiratawa sun san abin da ke faruwa in mutum ɗaya ya buɗe ruwa ba ranarsa ba. Tun shekarar 604 dokoki 17 da ake dangantawa da yarima Shotoku suka fara da yabon zaman jituwa, abin da suke kira "wa". A zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, ƙasar ta rufe ƙofofinta ga yawancin baƙi sama da shekara 200, aka shimfiɗa wa kowane aji na jama'a irin gaisuwarsa da irin zamansa. Sarautun sun tafi, ladubban sun zauna.

Gaisuwa da suna

Ɗan Safo in ya gamu da sananne yakan ba shi hannu, ya mayar da hannun a ƙirji, ya tambayi kwana da gajiya da gida da damina, har a daɗe ba a saki hannu ba. Mutumin Japon gaisuwarsa gajeriya ce, kuma babu taɓa jiki a cikinta: sunkuyawa yake yi daga ƙugu, baya a miƙe, idanu a ƙasa. Masu koyar da ma'aikata sun kasa ta kashi uku. Ƙaramar sunkuyawa, kimanin digiri 15, ta wanda aka gamu da shi a hanya ce. Ta digiri 30 ta baƙo ce ko shugaba. Ta digiri 45 kuwa ta babbar godiya ce ko neman gafara. Ƙarami yakan fi babba yin ƙasa.

A nan ne Musulmi yakan tsaya ya yi tunani, domin malamai sun yi hani da yi wa ɗan Adam abin da ya yi kama da ruku'u. Mafita tana da sauƙi. Mutanen Japon ba su jiran baƙo ya ƙware a sunkuyawarsu. Ɗan sadda kai ƙasa, da hannu a ƙirji, da sakin fuska sun wadatar, kuma waɗanda suka saba da baƙi su da kansu sukan miƙo hannu. Abin da ba su so shi ne a rungume su, ko a dafa musu kafaɗa, ko a riƙe hannunsu ana ta magana. Kallon babba cikin ido na tsawon lokaci ma nauyi yake yi musu, kamar yadda yake a ƙasar Hausa.

Sunan dangi ne ke gaba a wurinsu, kuma da shi ake kiran mutum, a ƙara "san" a ƙarshe, namiji ne ko mace. Malami da likita "sensei" ake ce musu. Mutum ba ya sa wa kansa "san", kamar yadda mai hankali ba ya gabatar da kansa da cewa shi ne mai girma wane. Kiran babba da sunansa na yanka rashin kunya ne. Wanda ya tashi inda uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari ba zai sha wahalar gane wannan ba.

A wurin aiki kowa yana da ɗan kati mai ɗauke da sunansa da muƙaminsa, ana kiransa "meishi". Da hannu biyu ake miƙa shi, rubutun yana fuskantar mai karɓa, da hannu biyu kuma ake karɓa. Sai a tsaya a karanta, a ajiye shi bisa tebur har a tashi taro. Wanda ya nannaɗe katin, ko ya yi rubutu a kansa, ko ya cusa shi aljihun baya ya zauna a kai, tamkar ya wulaƙanta mai shi ne. A ɗakin taro kuwa kujerar da ta fi nisa da ƙofa ita ce ta babba ko ta baƙo. Mai hankali yakan tsaya kusa da ƙofa har a nuna masa wurinsa.

"I" da ba "i" ba

Babban ramin da baƙi ke faɗawa yana cikin magana. Kalmar "hai", wadda ake fassarawa da "i", sau da yawa ma'anarta ita ce "ina jin ka", kamar "to" ɗin Bahaushe. Mutumin Japon ba ya son fito-na-fito, saboda haka da wuya ya ce "a'a" ƙarara. In ya ja numfashi ya ce abin yana da ɗan wuya, ko ya ce zai yi tunani a kai, to galibi ya ƙi ke nan. Suna bambanta abin da ke cikin zuciya, "honne", da abin da ake faɗa a bainar jama'a, "tatemae". Wannan kawaici ne, kuma wanda ya taɓa neman aure aka ce masa "a je a dawo" ya san irinsa. Ɗan kasuwar da ya ji "hai" sau goma ya koma gida yana shelar an ƙulla ciniki zai ji kunya. Shiru ma magana ne a wurinsu: in taro ya yi tsit, tunani ake yi, bai kamata baƙo ya yi gaggawar cike wurin da surutu ba.

Shawara kuma ba a ɗakin taro ake yanke ta ba. Kafin ranar, ana bin masu faɗa a ji ɗaya bayan ɗaya ana jin ra'ayinsu. Suna kiran wannan "nemawashi", kalmar da suka aro daga masu lambu, watau gyara saiwar itace tun kafin a cire shi a dasa wani wuri. Masu dashen mangwaro a fadamar Gulbin Maraɗi sun san amfanin haka, kuma duk wanda ya taɓa kawo sabon aiki ƙauye ya san sai ya ga mai gari da liman da dattawa kafin a buga gangar taro. Yanke shawara yakan ɗauki lokaci a Japon, amma in an yanke, aiki ba ya tsayawa.

Lokaci

A nan ne al'adun biyu suka fi rabuwa. "Bayan la'asar" alkawari ne karɓaɓɓe a Safo. A Japon in an ce ƙarfe 9, to mutum yana wurin tun da saura minti biyar. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Shinkansen, da ya fara aiki a 1964, ya yi suna da cika lokaci. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin jirgin Tsukuba Express ya fito ya nemi gafarar jama'a saboda wani jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokacinsa. Wanda ya ga zai makara, ko da minti biyar ne, sai ya buga waya tun da wuri, in ya iso kuma ya nemi gafara ba tare da jero dalilai ba. Ɗalibin da ya saba makara a wurin horo, ba shi kaɗai za a yi wa hukunci a zuci ba, har da wanda za a aiko bayansa. Agogon Japon yana gaban na Nijar da awa 8, abin da ya kamata mai kiran waya daga gida ya riƙa tunawa.

Cikin gida

Tuɓe takalmi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, amma na Japon yana da matakai. A bakin kowane gida akwai ɗan wuri mai ƙasa-ƙasa, "genkan", inda ake barin takalmi a juya bakinsu wajen ƙofa, a hau ɗaki ba tare da safa ta taɓa ƙasan ba. Mai gida zai ba da silifa. In an zo ɗakin da aka shimfiɗa tabarmar "tatami", silifar ma tuɓe ta ake yi. Makewayi yana da nasa silifa dabam, kuma fitowa da su zuwa falo shi ne kuskuren da ya fi ba baƙi kunya. Wannan doka ta shafi wasu gidajen abinci da makarantu da wuraren ibada, saboda haka safa mai tsabta marar huji tana cikin guzurin tafiya.

Wanka ma da tsarinsa. A waje da kwamin ake cuɗa jiki da sabulu a ɗauraye sarai, sa'an nan a shiga ruwan zafi a zauna don hutawa. Ruwan ɗaya ne iyali duka za su shiga, baƙo ake ba fari don girmamawa. Wanda ya sa sabulu a ciki ko ya zubar da ruwan ya ɓata wa gida wanka. A maɓuɓɓugan ruwan zafi na jama'a, "onsen", maza dabam mata dabam, amma tsirara ake shiga. Musulmin da aka gayyata yana iya ba da haƙuri cikin ladabi, ko ya nemi ɗakin wanka na mutum ɗaya, wanda masaukai da yawa suke da shi.

Tsaraba

Matafiyin Japon ba ya komawa gida ko wurin aiki hannu sake. Yakan riƙo ɗan abin garin da ya je, "omiyage", watau tsaraba. Sau biyu a shekara, tsakiyar bazararsu da watan Disamba, ana aika wa waɗanda suka yi wa mutum alheri kyauta. Naɗin kyauta yana da daraja kusan kamar abin da ke ciki. Da hannu biyu ake miƙawa, mai bayarwa yana ƙasƙantar da ita, mai karɓa kuma sau da yawa ba ya buɗewa a gabansa. Ana guje wa abu huɗu, domin lafazin huɗu, "shi", ɗaya ne da na mutuwa. Kyauta mai tsada nauyi ce, saboda al'ada ta wajabta ramawa, galibi da kimanin rabin darajarta. Matan Maraɗi da suka san lissafin biki, inda ake mayar da abin da aka kawo har da ƙari, sun san yadda alheri ke zama bashi.

Akwai gargaɗi guda mai muhimmanci. Kilishi, wanda shi ne tsarabar farko da ke zuwa zuciyar ɗan Nijar, ba ya shiga Japon. Dokar kare lafiyar dabbobi ta hana shigo da nama da abin da aka yi da shi ba tare da takardar hukuma ba, kuma tun 2020 tarar tana iya kai yen miliyan 3, ko ɗaurin da zai kai shekara uku. A filayen jirgin sama akwai karnuka masu shinshina kaya. Ɗanyun ƴaƴan itace da iri su ma suna da tasu doka. Abin da ya fi dacewa shi ne aikin hannu: ƴar jaka ko alabe na fatar jar akuyar Maraɗi, ko hula, ko zane, ko aikin azurfa na maƙeran Agadas.

A gaban akushi

Kafin a ci, ana kawo ɗan tawul mai laima don goge hannu. Suna cewa "itadakimasu" a farko, "gochisosama" a ƙarshe, kalmomin godiya ga wanda ya dafa da wanda ya noma. Baƙo yana iya yin bisimillarsa ya kuma faɗi tasu. Da ƴan sanduna biyu ake ci, "hashi", kuma akwai abu biyu da ba a yi da su ko da wasa: kafa su tsaye cikin shinkafa, da miƙa abinci daga sandunan wani zuwa na wani. Duka biyu na jana'iza ne. Na farko haka ake ajiye wa mamaci shinkafa, na biyu kuwa haka dangi ke tsince ƙasusuwa bayan an ƙone gawa. Wanda bai iya ba ya nemi cokali, babu laifi. Ɗaga kwano zuwa baki daidai ne, zuƙar taliya da ƙara ma daidai ne. A ƙasar Hausa baƙo yakan rage abinci don yara. A Japon cinye shinkafa har ƙwaya ta ƙarshe shi ne girmamawa, saboda haka gara a karɓi kaɗan tun farko.

Naman alade yana cikin abinci da yawa, har da romon taliyar "ramen" iri-iri, kuma ana dafuwa da giyar shinkafa, "sake" da "mirin". Hanya mafi kyau ita ce a sanar da mai masauki tun kafin ranar, domin sun fi son su shirya da su ga baƙo ya ture kwano. Kifi da shinkafa da awara da ganye suna ko'ina. A walimar ma'aikata ana ɗaga kofi a ce "kampai", kuma mai shayi ko lemo yana ɗaga nasa tare da kowa. Masallatai ma akwai su: na Kobe tun 1935, na Tokiyo da aka gina a 1938 aka sake gina shi a 2000, kuma manyan filayen jirgin sama suna da ɗakin salla.

Yaba kyauta tukuici, in ji Hausawa, amma a Japon ba a ba ma'aikacin otal ko direban tasi ko mai kawo abinci tukuici. Yana iya biyo mutum da gudu ya mayar masa da kuɗinsa. A kanti, cikin ɗan faranti ake ajiye kuɗi, kuma ba a taya kaya.

A kan hanya

Cikin jirgin ƙasa ba a amsa waya, ba a ɗaga murya, kowa yana bin layi wajen shiga bayan masu fita sun fita. Akwai kujerun tsofaffi da masu ciki da naƙasassu, akwai kuma taragun mata zalla a lokutan cunkoso. Face majina da ƙara cikin mutane abin ƙyama ne. Mai mura yakan rufe hanci da baki da ƙyalle. Kwandunan shara sun yi ƙaranci tun bayan harin iskar guba da aka kai jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995, amma tituna tsaf suke, domin kowa yana riƙe sharar sa har gida. Tun daga firamare yara ke share ajinsu da kansu. Motoci ta hagu suke bi, mai tsallaka titi sai ya fara duba dama.

A 2024 baƙi kusan miliyan 37 suka shiga Japon, kuma haƙurin masu gida ya fara gazawa. A wannan shekara unguwar Gion ta birnin Kiyoto ta hana ƴan yawon buɗe ido shiga wasu lungunanta saboda damun mata masu wasan gargajiya da ɗaukar hoto, wani gari kuma kusa da dutsen Fuji ya kafa baƙin labule don ya kore masu cunkoson hoto a bakin titi. Neman izini kafin ɗaukar hoton mutum wajibi ne can, kamar yadda yake a ƙofar gidan kulle.

In baƙon ne ya zo Safo

Sanin waɗannan abubuwa yana da amfani ko ga wanda ba zai taɓa hawa jirgi ba. Baƙon Japon in ya sauka a gari, shirunsa kunya ce, kada a ɗauke ta girman kai. In an kawo masa fura ya kurɓa kaɗan ya ajiye, baƙon ciki ne ke gare shi. In ya iso wurin taro kafin a shimfiɗa tabarma, al'adarsa ce, kuma abin da zai fi faranta masa rai shi ne ya tarar da mutane a lokacin da aka faɗa, a kuma nuna masa lissafin abin da aka kashe dalla-dalla. In ya ce zai yi tunani, kada a matsa masa.

Wanda zai tafi kuwa, kalmomi biyu za su buɗe masa ƙofofi da yawa: "sumimasen", watau gafara dai, da "arigato gozaimasu", watau na gode ƙwarai. Sauran ya riƙa kallon abin da masu gida ke yi, in ya rikice ya tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Mutanen Japon sukan yafe wa baƙo kuskuren sanduna da na silifa in sun ga yana ƙoƙari. Makara da saɓa alkawari ne suka fi wuyar mantawa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su da abin da zai amfani ƙasa.